Takalmin Baba Lamba Tara

Mahaifina ya san lambar takalminsa kamar yadda ya san sunan kakansa. In aka tambaye shi ko kai ba ya ɗagawa daga jarida, sai ya ce, "Tara," a wuce wurin. Tun yana saurayi, farkon shigarsa aikin gwamnati, wani mai kanti ya ɗora ƙafarsa a kan ma'auni ya ce masa tara ce, shi kuwa ya riƙe ta har tsufa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ƙafar babban mutum tana canzawa ba. Mu ma 'ya'yansa ba mu taɓa kawowa ba.

Gidanmu yana Nassarawa GRA, cikin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da dogayen darbejiya, waɗanda daga bakin get zuwa falo ma tafiya ce. A nan Baba ya zauna bayan ya yi ritaya, shi da Umma. Mu biyu suka haifa: Yayana, wanda karatu ya kai shi Amurka aiki kuma ya riƙe shi a can, sai ni da nake aure a Badawa, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa har mun saba da shi. Yana shan maganinsa a kan lokaci, Umma ta raba shi da sukari a shayi, ta rage masa tuwon shinkafa. Abin da ba mu gane ba shi ne ciwon ya bi ta ƙasa yana kashe masa jin ƙafa. Yakan ce tafin ƙafarsa kamar an shimfiɗa masa auduga, wata rana ya ce kamar tururuwa ke bin sa. Mu ce Allah ya sawwaƙe, a shafa man zafi, a ci gaba da hira. Idonsa ma ya yi rauni, jaridar da yake riƙewa manyan kanun labarai kawai yake iya gani.

Shekarar da babbar 'yata ta gama jami'a, Baba ya ce ko a kan keken guragu ne sai ya je bikin yaye su. Ita ce jikarsa ta fari, a hannunsa ta koyi baƙaƙe. Yaya bai samu hutu ba, sai ya ce to bari ya aiko wa Baba abin da zai sa ranar. Ina zaune a falon lokacin da ya kira.

"Baba, lamba nawa kake sawa a takalmi?"

"Tara mana. Kai ma ka sani."

"Na dai tambaya ne don in tabbatar."

"Tara ce tun kafin a haife ka."

Wani abokin Yaya da ya zo gida ya kawo saƙon. Baƙin sau-ciki ne, fatarsa na sheƙi, bakinsa siriri, irin wanda ke yi wa babbar riga kyau. Baba ya juya shi a hannu, ya shinshina fatar, ya yi ta sa wa ɗansa albarka. Da ya zo sawa sai da ya zura yatsa ya ja bayan da ƙarfi kafin dunduniya ta shige.

Umma ta ce, "Alhaji, anya bai matse ka ba?"

"Sabo ne, Hajiya. Fata ce, za ta saki."

"Ba ka jin zafi?"

"Ko kaɗan."

Gaskiya ya faɗa. Bai ji ba.

Ranar bikin rana ta buɗe sosai. Motoci sun yi yawa, direba ya ajiye mu nesa da filin taron, muka taka a kan tsakuwa. Baba ya ƙi a kama masa hannu. Ya tsaya an kira sunan jikarsa, ya tsaya an ɗauki hoto da ita, an ɗauka da ƙawayenta, an ɗauka da mutanen da ko sanin su bai yi ba. Na daɗe ban gan shi cikin farin ciki irin na wannan yini ba. Bayan nan ya sa takalmin zuwa masallacin Juma'a, ya sa shi zuwa wata ta'aziyya a Tudun Wada, duk wanda ya yaba sai ya ce, "Yarona ne ya aiko."

Umma ce ta gano. Tana tattara kayan wanki ta ga safarsa ta dama ta manne, da tabo mai ruwan ƙasa a gefe. Ta kira ni ina tsakiyar aji. Ba ta saba kira a lokacin aiki ba, don haka na fito baranda na ɗauka.

"Ki zo ki ga ƙafar babanki."

Na tarar da shi zaune a kujerarsa yana mita an tayar da hankali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na durƙusa na ɗaga ƙafar. A gefen ƙaramin yatsa bororo ya tashi, ya fashe, ya zama miki, bakin mikin ya fara baƙi. Bayan ƙafar ya kumbura yana ɗaukar ido, da zafi kamar an ɗora ta a kan murhu. Akwai wari. Shi yake alwalarsa a banɗakinsa, ba ya gani sosai, ba ya kuma ji, don haka yake wanke wurin ya wuce.

Likitar da ta duba shi a asibiti mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana. Ta ɗauko wani siririn zare mai ɗan tauri ta ce, "Alhaji, rufe idonka. Duk inda ka ji na taɓa, ka ce mini ka ji." Baba ya rufe ido. Ta taɓa babban yatsa. Ta taɓa tsakiyar tafin ƙafa. Ta taɓa dunduniya, ta koma ɗaya ƙafar ta bi ta haka. Muna tsaye ni da Umma muna kallon zaren yana lanƙwashewa a jikin fatarsa, shi kuwa yana zaune shiru, ido a rufe, yana jira. Can ya ce, "Likita, ki fara mana." Umma ta juya ta fuskanci bango.

Likitar ta tambayi abin da ya sa a ƙafa kwanan nan. Aka aika direba ya ɗauko takalmin. Ta leƙa cikinsa, ta nuna mini wani ɗan ƙyalle da ke manne daga ciki, mai lambobi jere da juna. Sau nawa na sayi takalma a rayuwata, ban taɓa tsayawa na karanta wannan ƙyallen ba.

Ta ce, "Kin ga tara ɗin nan? Ta Amurka ce. Dubi ta kusa da ita, takwas. Wannan ita ce ta Ingila, wadda mutanen zamanin su Alhaji suka saba da ita. Ga kuma arba'in da biyu, ita ce ta sauran ƙasashen Turai, wadda ake kira a kasuwanninmu yanzu. Takalmi ɗaya ne, kowa da yadda yake ƙirga shi."

Baba ya ce, "Wato takwas na sa."

"Takwas ka sa, Alhaji. Kuma ko da an sayo tara ta Ingilar, ba za ta yi maka yanzu ba. Ƙafa tana bajewa da shekaru, taka kuma ga kumburi."

An kwantar da shi. An yi ta wanke mikin, an yi ta ƙarin ruwa da allurai, amma yatsan ya riga ya mutu. Likitar ta kira mu gefe ta ce za a cire shi don a tsare sauran, kuma mu yi addu'a abin ya tsaya a nan, don ta ga waɗanda nasu bai tsaya ba sai a gwiwa. Da aka gaya wa Baba, sai ya ce, "Allah ya sa kaffara ce." Ya sa hannu a takarda da kansa.

Yaya kuwa ya shiga wani hali. Na yi masa bayanin lambobin a waya. Babban mutum mai 'ya'ya uku, ya fashe da kuka. Na kai wa Baba wayar a gadon asibiti.

"Baba, ka yafe mini. Ni na jawo."

"Me ka jawo? Ka tambaye ni, na ce tara. Tara ka saya. Share hawayenka, kada yaranka su gan ka."

Allah ya taimaka abin ya tsaya a yatsan. Amma mikin mai ciwon suga ba ya gaggawar warkewa, Baba ya shafe watanni a gida, ƙafa a naɗe, a ɗore kan matashi. Masallacin unguwarmu yana ƙarshen layi, tun da na yi wayo ban san Baba ya rasa jam'i ba in yana gari. Yanzu sai a fito da shi baranda, a kira salla yana ji, ya ga maƙwabta suna wucewa ta bakin get, wasu su ɗago hannu. Ya yi sallarsa a zaune. Bai taɓa kuka da wannan ba, amma abincinsa ya ragu, hirarsa ta ragu, rediyon ma sai ya bar shi yana ta magana shi kaɗai.

Da wurin ya rufe, likitar ta kafa mana sharuɗɗa. Ba tafiya ba takalmi, ko a tsakar ɗaki. Ba silifa mai shiga tsakanin yatsu. Tsofaffin takalmansa duka a kawar da su. Ta ce in manta da wata lamba, in auna ƙafar kanta, ta kuma nuna mini yadda ake yi.

Bayan La'asar na yi awon, domin ta ce ƙafa tana ƙara girma in yini ya yi nisa, wanda aka auna da safe zai matse da yamma. Na shimfiɗa kwali a kan siminti. Baba ya sa safar da zai riƙa sawa, ya miƙe tsaye ya dafa kafaɗar Umma, don sai nauyin jiki ya sauka ƙafa take nuna ainihin faɗinta. Na durƙusa da fensir, na tsayar da shi cak, na bi gefen ƙafar a hankali. Da na iso inda yatsan yake a da, hannuna ya tsaya da kansa. Layin ya karkata ciki, inda ya kamata ya fito waje.

Baba ya leƙo ya ce, "Uwata, yau ni ake wa awo kamar yaron da za a ɗinka wa kayan Sallah."

Muka yi dariya, Umma ta goge ido da bakin mayafi.

Na auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, na zagaya tef ɗin tela a inda ƙafar ta fi faɗi. Na yi wa ɗaya ma haka. Sai ga ta hagu ta ɗan fi ta dama tsawo, ta dama kuma ta fi kauri. Likitar ta ce haka yawancin mutane suke, kuma babbar ake bi. Ta ce in ƙara faɗin babban yatsan hannu a gaba, domin yatsu su samu wurin motsi. Na zana wannan ƙarin, na yanke kwalin da almakashi, na sa a jaka.

Da kwalin nan na zaga garin Kano. Na shiga manyan kantuna masu sanyi, na shiga kasuwar Sabon Gari, na je Ƙofar Wambai. Duk takalmin da aka miƙo mini sai in zura kwalin a ciki. In ya kwanta lafiya, to. In gefensa ya naɗe, in mayar. A nan na gane lamba ba alkawari ba ce. Arba'in da huɗu na wannan kamfani ya fi arba'in da biyar na wancan girma. Wani an buga masa lambar Ingila, wani ta Amurka, wani ba a ma faɗi ta wace ƙasa ba ce. Na mata kuma a lissafin Amurka daban yake da na maza. Wanda kawai na ga yana kusa da gaskiya shi ne inda aka rubuta tsawon da santimita, don shi ko a ina aka auna ɗaya ne. Masu kaya suna da kirki, suna ta ɗauko mini, amma da sun ga ina jinjina kai sai su ce, "Hajiya, ki kai masa haka, zai saki." Duk lokacin da na ji kalmar nan sai in ajiye takalmin in wuce.

Tsawo ba ya wuya. Faɗi ne ya gagara. Takalman maza na fita kunya duk bakinsu a tsuke yake, in kuwa na ɗauki mai girma sosai don ya yi faɗi, sai tsawon ya wuce misali. Likitar ta riga ta gargaɗe ni cewa wanda ya yi yawa ma cuta ne, ƙafa tana yawo a ciki, dunduniya tana goga, bororo ya tashi. Ta ce akwai waɗanda ake yi musamman saboda irin ƙafar Baba, masu faɗin gaba, ba ɗinki daga ciki, kuma ban da lambar tsawo ana sa musu harafi mai nuna faɗi. Ta ce a inda Yaya yake ba su da wuyar samu.

Na gaya wa Yaya. Ya ce, "Ni ba zan ƙara saya masa takalmi ba. Ki nemi wani ya sayo, ni dai ban iya ba."

Na rasa yadda zan yi, na gaya wa Baba. Yana jan carbi ya ce, "Kira mini shi."

Da ya ɗauka, Baba ya ce, "Ƙanwarka ta auna ni. Za ta turo maka. Kai nake so ka sayo, ba wani ba."

"Baba, ina jin tsoro."

"Na sani. Ka sayo. Ina so in je masallaci."

Na tura masa tsawo da faɗi da santimita, na ɗora rula a kan kwalin na ɗauki hoto na haɗa masa. Wannan karon bai ba kowa saƙo ba. Ya nemi hutu ya taho da kansa, farkon damina, da takalma ƙafa biyu masu lamba daban-daban, don in ɗaya bai yi ba ɗaya ya yi. Ya rame. Da ya shigo falo ya zube gaban Baba, idonsa bai bar ƙafar nan ta dama ba.

Da aka buɗe kwalin Baba ya kalli takalmin ya kalle mu. Baƙi ne, mai ƙaton baki zagayayye, ƙasansa da kauri, da maɗauri mai mannewa a maimakon igiya. Babu sheƙi, babu wani fasali.

"Wannan ai kwale-kwale ne," in ji shi. "Da babbar riga zan sa wannan?"

Umma ta ce, "Da ita za ka sa, Alhaji. Wa zai kalli ƙafarka?"

"Ke za ki kalla."

Yaya ne ya sa masa. Na farkon ya yi yawa, da Baba ya ɗaga ƙafa sai dunduniya ta zame. Na biyun ya zauna. Tunda Baba ba zai iya gaya mana ko ya matse ba, mu muka zama jinsa. Na danna gaban takalmin da babban yatsana na ji sarari tsakanin yatsunsa da bakin. Yaya ya matsa gefe da gefe, ya zura yatsa ta bayan dunduniya. Muka sa shi ya zaga falo, ya fita baranda ya dawo, sannan muka cire takalmin da safar muka duba fatar a cikin haske, ko akwai inda ya yi ja ko ya kwanta. Babu. Washegari muka ƙara masa lokaci, muka sake dubawa. Haka muka yi ta yi har muka natsu. Na karanta ɗan ƙyallen ciki: arba'in da biyar a lissafin Turai, goma da rabi a na Ingila. Da na gaya wa Baba sai ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Ashe ban gama girma ba."

Wata La'asar da aka ɗauke ruwan sama, ƙasa tana ƙamshi, ladan ya kira salla. Baba ya ce a miƙo masa hularsa. Ya fita da sanda a hannun dama, Yaya a gefen hagu yana rage tafiyarsa don ta zo daidai da ta Baba. Na bi su har bakin get na tsaya. Suna kauce wa ruwan da ya kwanta a gefen titi, suna tafiya a hankali. Wani maƙwabcinmu, tsohon alƙali, ya hango su daga nesa, ya tsaya cak a ƙofar masallaci bai shiga ba, har sai da suka iso ya kama hannun Baba da hannu biyu.

Bayan Yaya ya koma, duba ƙafar Baba ya zama aikina. In na tashi daga makaranta sai in biyo ta GRA kafin in wuce Badawa. In zura hannu cikin takalmin in lalube ko tsakuwa ta shiga, in wanke masa ƙafa da ruwan da na gwada ɗuminsa da gwiwar hannuna, in tsane tsakanin yatsu, in shafa mai a dunduniya. Da farko yana jin nauyi, yana cewa in bar wa Umma. Daga baya ya saba, har ya zama lokacin hirarmu. A nan na ji labaran da ban taɓa ji ba, na ƙauyensu, na rafin da suke haurawa zuwa makarantar elemantare, da yadda mahaifiyarsa take zaunar da shi ta cire masa ƙaya da allura tana yi masa faɗa. Ya ce hannunta ma sanyi gare shi kamar nawa.

Ya yi shekaru bayan nan yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ciwon da ya ɗauke shi ba na ƙafa ba ne, zuciya ce, kuma bai daɗe yana jinya ba. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce ba su ga ko ƙwarzane a ƙafafunsa ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.